Cinikin Gida a Birnin Kano: Daga Bakin Shaidu Zuwa Sa Hannun Gwamna

Gabatarwa

Daga cikin dukiyoyin da Bahaushe yake mallaka babu wadda yake ɗora wa nauyi kamar gida. A cikinsa ake haihuwarsa, a zaurensa ake ɗaura masa aure, a ƙofarsa ake yi masa salla ranar da ya cika, shi ne kuma babban abin da yake fatan ya bar wa bayansa. Wannan ya sa sayar da gida, musamman na gado, ya zama abu mai nauyi a idon jama'a, har akan yi wa wanda ya aikata haka ba da wata larura ba kallon wanda ya tozarta iyayensa. Duk da haka an daɗe ana saye da sayar da gidaje a manyan biranen ƙasar Hausa, an kuma daɗe ana kai ƙararraki gaban alƙalai a kansu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin tambaya guda a cikin tarihin birnin Kano, wato idan mutum ya biya kuɗi aka ce ya sayi gida, mene ne ainihin abin da ya shiga hannunsa, kuma wane ne zai tsaya masa ranar da jayayya ta taso? Za a ga cewa tun daga zamanin sarakunan jihadi har zuwa dokar 1978 hukuma ba ta taɓa sakin ƙasar da gida yake kanta gaba ɗaya ba. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne mai riƙe da ita da kuma irin hujjar da yake nema. Za a kuma ga cewa duk sabuwar dokar da ta zo hawa kan ta gabanta take yi ba tare da ta share ta ba, kuma a nan ne yawancin rigingimun gidaje na yau suka samo asali.

Ƙasa da Gini Kafin Zuwan Turawa

Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya lura da cewa wani yanki ne kawai na cikin ganuwa yake da gidaje, sauran kuwa gonaki ne da filaye da kududdufai. Wannan bayani yana da muhimmanci wajen fahimtar yadda mutanen wancan zamani suke ƙimanta gida. Fili ba shi ne abin tsada ba, domin akwai shi. Tsadar gida tana cikin tubali da azara da makuba da ladan magina, da rijiyar da aka haƙa, da kuma yaɓen da ake sabuntawa kafin kowace damina. Gidan ƙasa idan aka bar shi shekara biyu ko uku babu mai duba indararonsa, sai ya zube ya zama kango. Saboda haka a tunanin jama'a gida yana nan ne muddin ana raya shi.

Wannan tunani ya yi daidai da abin da malaman Malikiyya suka shimfiɗa. A wurinsu ƙasar da aka ci da yaƙi ta zama waƙafi ga Musulmi baki ɗaya, shugaba ne yake kula da ita, yana iya yanka wa mutum wani yanki ya amfana da shi. Matacciyar ƙasa kuwa, wato wadda babu mai ita, wanda ya raya ta da gini ko shuka ko haƙa rijiya shi ya fi kowa cancanta da ita, sai dai idan tana kusa da gari dole ne ya nemi izinin shugaba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda a kan wannan batu, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum yake keɓanta da matacciyar ƙasa.

A aikace, wanda yake son fili a birni yakan bi ta hannun mai unguwa, baƙo kuwa ta hannun mai masaukinsa, a kai magana gaba har ta isa ga wanda yake da ikon bayarwa, a yi gaisuwa, a nuna masa iyaka, ya kafa. Daga nan ginin nasa ne, yana iya zama, ya ba da aro, ya jinginar, ya sayar, 'ya'yansa kuma su gada. Amma ikon sarki bai yanke ba. Gidan da mai shi ya rasu babu magaji yakan koma baitulmali, kangon da aka yi watsi da shi akan ba wani, wanda ya faɗa cikin fushin sarki kuma yana iya rasa gidansa, kamar yadda aka gani a lokacin Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Akwai kuma gidajen sarauta, waɗanda suke bin rawani: wanda aka naɗa ya shiga, wanda aka tuɓe ya fita, babu mai ikon sayar da su ko sanya su cikin rabon gado.

Yadda Ake Ƙulla Ciniki

Cinikin gida na gargajiya a bainar jama'a ake yin sa. Dillali ne yake kai magana ya kawo, mai saye ya taya, mai gida ya ce albarka, a yi ta ƙari har ya sallama. Sa'an nan a kira mai unguwa da maƙwabtan da suka haɗa katanga da gidan, da dattawan zaure, a zagaya da su a nuna iyakokinsa gabas da yamma da kudu da arewa, a fayyace wa yake da wace katanga, ina ruwan gidan yake bi, wace hanya ake shiga. A ƙirga kuɗi a gabansu, a raba goro, a yi fatiha, dillali ya karɓi la'adarsa. Waɗannan mutane da suka ci goro su ne rajistar gidan. Idan bayan shekara ashirin wani ya tayar da magana, su ko 'ya'yansu za a nema.

Idan magana ta kai gaban alƙali, littattafan da yake hukunci da su sanannu ne: Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, da Mukhtasar na Halilu, da Tuhfatul Hukkami ta Ibnu Asim. Sharuɗɗan da suka gindaya a fili suke. Dole ne mai sayarwa ya zama shi ne mai abin ko wakilinsa, ya zama baligi mai hankali, ba a kuma tilasta masa ba. Dole ne a san abin da aka sayar da kuɗin da aka sayar da shi, babu duhu a ciki. An yarda a yi ciniki bisa zaɓi, wato mai saye ya sami lokacin dubawa da shawara, Halilu kuma ya ƙayyade wa gida kimanin wata guda. Idan aibi ya ɓulla bayan ciniki, malamai sun kasa shi uku: ƙarami, wanda ba a komawa kansa, matsakaici, wanda ake rage wa mai saye kuɗi gwargwadonsa, da babba, irin tsagewar bangon da ake tsoron ya rushe gidan, wanda yake ba mai saye damar mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Game da hujja kuwa, maza biyu adilai sun isa, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara, tun da yake magana ce ta dukiya. Rubutacciyar takarda tana taimakawa, amma bakin shaidu shi ne ginshiƙi.

Abubuwan da Suke Warware Ciniki

Akwai abubuwa huɗu da suka fi jawo wa mai sayen gida asara, kuma dukkansu suna nan har gobe.

Na farko shi ne gado. Gidan da mai shi ya rasu ba a raba ba, na magada ne baki ɗaya: matar mamaci tana da tumuninta idan akwai 'ya'ya, 'ya mace tana da rabin rabon ɗa namiji, iyayen mamaci idan suna raye suna da nasu. Babban ɗa, ko da shi ne yake riƙe da gidan yana yi masa yaɓe, ba shi da ikon sayar da abin da ya wuce rabonsa. Idan kuwa akwai marayu a ciki, wasiyyinsu ma ba ya sayar musu da gida sai da dalili karɓaɓɓe, kamar buƙatar ciyar da su ko tsoron rushewar gidan alhali babu abin gyara.

Na biyu shi ne shuf'a. Idan mutum biyu ko fiye suka yi tarayya a gidan da ba a raba ba, ɗayansu ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon ya biya baren kuɗin da ya bayar ya karɓe rabon, ko baren ya so ko ya ƙi. A mazhabar Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne kaɗai, maƙwabci ba shi da shi, kuma da zarar an raba an kafa iyaka ya faɗi. Wanda yake gari ya san an yi cinikin ya yi shiru har shekara ta wuce, ya rasa shi. Wanda yake bulaguro kuwa haƙƙinsa yana nan har ya dawo. A garin fatake da alhazan ƙasa, waɗanda sukan yi shekaru a hanyar Gwanja ko ta Makka, wannan hukunci ba ƙaramin abu ba ne. Al'ada kuma ta ƙara nata, domin abin kunya ne mutum ya kai gidansa kasuwa bai fara yi wa maƙwabcinsa tayi ba, ko da yake alƙali ba zai rushe ciniki saboda haka ba.

Na uku shi ne rikicin jingina da aro da kyauta. Mutum yakan karɓi bashi ya ba da gidansa jingina, shekaru su shuɗe, shi da mai bashin su rasu, 'ya'yan wannan su ce sayarwa aka yi, 'ya'yan wancan su ce jingina ce. Haka nan wanda aka ba wa aron ɗaki ko fili, jikokinsa su tashi su tarar da kansu a ciki su ɗauka na kakansu ne. Kyauta kuwa ba ta cika sai wanda aka yi wa ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Idan ba haka ba, gidan ya koma cikin gado.

Na huɗu shi ne hauzi, wanda shi garkuwa ne ga mai riƙe da gida. Wanda ya zauna a gida shekara 10 yana gini yana rushewa ana danganta gidan gare shi, alhali mai da'awa yana gari yana gani bai ce uffan ba, kuma babu abin da ya hana shi magana, to ba a sauraron da'awarsa. Tsakanin dangi da surukai kuwa, saboda kara da ake yi wa juna, malamai sun tsawaita wa'adin har kimanin shekara 40. Hauzi ba ya aiki idan an tabbatar da cewa ta hanyar aro ko haya ko jingina aka shiga gidan.

Zuwan Turawa

Tun kafin su ci Kano Turawan Ingila suka fara kafa dokar ƙasa. A 1900 Gwamna Lugga ya yi shela cewa wanda ba ɗan ƙasa ba ba zai sami fili daga hannun ɗan ƙasa ba sai da rubutaccen izinin Gwamna. Bayan faɗuwar Kano a watan Fabrairu na 1903, da ta Sakkwato a watan Maris, ya bayyana wa manyan Sakkwato cewa duk ikon da sarakuna suka samu ta hanyar yaƙi, har da iko a kan ƙasa, ya koma hannun Turawa ta wannan hanya. Wato dai hujjar da aka san ta a fiƙihu game da ƙasar da aka ci da yaƙi, ita ce sabon mai mulki ya ɗauka ya yi amfani da ita.

Magajinsa, Gwamna Girouard, wanda ya zo a 1907, shi ya sa aka kafa kwamiti a Landan a 1908 don duba sha'anin ƙasa a Nijeriya ta Arewa. Daga cikin 'yan kwamitin akwai Temple, wanda ya yi Razdan a lardunan Arewa, akwai kuma masu bin ra'ayin wani masani Ba'amurke, Henry George, wanda yake ganin bai kamata amfanin ƙasa ya taru a hannun ɗaiɗaikun mutane ba. Kwamitin ya tafi a kan cewa 'yan ƙasa ba su san mallakar ƙasa irin ta Turai ba, kuma bai kamata a bari ta tsiro ba. Sakamakon haka aka yi dokar 1910, aka kuma sabunta ta a 1916. Dokar ta sanya dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, ya riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa, babu wanda yake da komai a kanta sai haƙƙin zama da amfani.

Dokar ta zo daidai da lokacin da darajar fili ta fara tashi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, kamfanonin Turawa da Kwarori suka nemi wuraren kafa kantuna, aka kuma yanka Sabon Gari wajen 1913 don baƙi daga Kudu. Daga nan Kano ta zama gari mai doka biyu. A wajen ganuwa, a unguwannin Turawa da na kantuna da Sabon Gari, fuloti ne mai lamba, da awo, da takarda, da kuɗin ƙasa na shekara, da wa'adi. A cikin birni kuwa aka bar mai unguwa da alƙali da Majalisar Sarki suna aikinsu a ƙarƙashin En'e. Littattafan shari'a na majalisar Sarki Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, waɗanda aka rubuta da Larabci, sun nuna cewa rigimar gida da gona tana daga cikin abubuwan da ake kawowa gaban Sarki da kansa.

Sayarwa kuwa ba ta tsaya ba. Tun da doka ta ce ƙasa ba ta sayuwa, sai aka riƙa cewa gini aka sayar, ko wahalar da aka yi wa wurin aka biya. Binciken da Polly Hill ta yi a Ɗorayi, wanda ta buga a 1977, ya nuna cewa sayar da gonaki sanannen abu ne a karkarar da take kewaye da birnin. Waɗannan gonaki na Ɗorayi su ne a yau suka zama unguwanni cike da gidaje.

Mata da Gadon Gida, 1923 zuwa 1954

Akwai wani babi a tarihin Kano da ya nuna iyakar yadda ikon hukuma a kan ƙasa yake iya shiga cikin haƙƙin mutane. A 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki, bisa hujjar cewa matan da suka gaji gida suna ƙin zaman aure suna shiga zaman kansu. Abin da ya ba da ƙofar yin haka shi ne ɗaukar da aka yi cewa ƙasa tana ƙarƙashin ikon sarki, ba ta cikin dukiyar da alƙali yake rabawa kamar tufafi da dabbobi. Hanin ya zauna shekara 31, sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya ɗage shi, yana mai duba halin ƙuncin da tsofaffin mata marasa galihu suka shiga.

Tasirin wannan ga cinikin gida a fili yake. Gidajen da aka raba ko aka sayar a tsakanin waɗannan shekaru an yi ne ba da rabon 'ya'ya mata ba. Da aka mayar musu da haƙƙinsu sai ƙofar da'awa ta buɗe, aka kuma ƙara fahimtar cewa wanda zai sayi gidan gado bai gama bincike ba sai ya san 'yan'uwa mata nawa ne, ina suke aure, kuma ko sun yarda.

Dokar 1962 da ta 1978

Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1962. Ba ta kauce wa tsarin 1916 ba, sai dai ikon ya koma hannun Minista. Ta raba haƙƙin zama gida biyu, wanda gwamnati take bayarwa da takarda da kuma na gargajiya, ta kuma bambanta ɗan asalin Arewa da wanda ba shi ba wajen samun fili. Cikin 'yan shekaru kaɗan sai ginshiƙan tsohon tsari suka fara zamewa: aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka rufe kotun Sarki, kotunan alƙalai suka zama kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e ɗungurungum.

Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, doka ta 6 ta wannan shekara. Ga mutanen Kudu baƙon abu ne, ga mutanen Arewa kuwa tsohon tsarinsu ne aka shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya. Dokar ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun Gwamnanta bisa amana. Shi ne yake ba da haƙƙin zama a yankin da aka ayyana a matsayin birni, ƙaramar hukuma kuma ta ba da na gargajiya a karkara. Wanda yake da ginannen gida a birni kafin dokar, an ɗauke shi tamkar Gwamna ne ya ba shi. Filin da ba a gina ba kuwa an taƙaita wa mutum rabin hekta. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jinginarwa ko sauya hannu ba da yardar Gwamna ba, sashe na 26 ya ce cinikin da aka yi saɓanin dokar ɓatacce ne. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke haƙƙin zama saboda maslahar jama'a, diyyar da sashe na 29 ya tanada kuwa ta gini ce da shuka da sauran abin da aka yi wa wurin, ba ta ƙasar kanta ba. An kuma cusa dokar cikin kundin tsarin mulki na 1979, da na 1999, ta yadda ba a gyara ta sai ta hanyar da ake gyara kundin.

Abin lura a nan shi ne sunan da Hausawa suka ba takardar da Gwamna yake sa wa hannu. Ana kiranta takardar shaidar mallaka, alhali abin da take shaidawa haƙƙin zama ne na wa'adi, galibi shekara 99, tare da biyan kuɗin ƙasa.

Fassarar Kotuna da Halin da Ake Ciki

Da farko mutane da yawa sun ɗauka cewa neman yardar Gwamna ya shafi wanda Gwamna ya ba fili da hannunsa ne kawai. Wata shari'a da ta taso daga Legas, tsakanin Bankin Savannah da Ajilo, ita ta kawar da wannan zato. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wanda ya mallaki gidansa tun kafin 1978 shi ma sai ya nemi yardar, jinginar da aka yi wa bankin ba da ita ba kuwa ɓatacciya ce. Hukuncin ya shafi Nijeriya duka, ma'anarsa kuma ita ce gidan da ya shekara ɗari a hannun zuriya ɗaya a Dala ko Yakasai yana ƙarƙashin wannan sharaɗi. A 1990 kotun ta kuma bayyana cewa takardar shaidar mallaka ba yankakkiyar hujja ba ce, wanda ya tabbatar da haƙƙin da ya riga ta yana iya rinjayar mai riƙe da ita. A 1995 ta sassauta, ta ce babu laifi a ƙulla yarjejeniya a rubuta kafin a nemi yardar, sai dai haƙƙin ba ya sauya hannu sai an same ta.

A ɓangaren kotunan Musulunci kuma akwai wata tsaga. Kundin tsarin mulki ya taƙaita ikon Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran iyali, kamar aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. Saboda haka rigima a kan gida guda tana iya rabuwa biyu: idan maganar rabon gado ce ta bi wannan hanya, idan maganar wanda ya saya ne ta bi hanyar Babbar Kotun Jiha. An sha rushe hukunci bayan shekaru ana shari'a don kawai an shigar da ƙara a kotun da ba ta da hurumi.

Jama'a dai ba su bar abin da suka sani ba. A cikin birni da unguwannin da suka tsiro a kan tsofaffin gonaki, inda aka yanka filayen da ake kira awon igiya, cinikin da aka saba shi ne na dillali da mai unguwa da shaidu, sai dai yanzu ana rubuta takarda a buga hatimi, ana ba da kafin alƙalami kafin a cika kuɗi. Irin wannan takarda tana da amfani a gaban alƙali, domin tana nuna an biya kuɗi an kuma shiga gida. Amma ba ta zama yardar Gwamna ba, banki ba ya karɓarta jingina yadda yake karɓar takardar gwamnati, ba ta kuma hana a sayar wa mutum biyu fili ɗaya, ko a sayar masa da wurin da taswirar gwamnati ta nuna hanya ce ko makaranta. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran sha'anin ƙasa a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, jihohi irin su Kano da Kaduna kuma sun kafa hukumomin da suke adana bayanan filaye a kwamfuta, amma dokar 1978 tana nan daram.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa mai sayen gida a Kano yana tsaye ne a gaban hukumomi uku, kowace da tambayarta. Unguwa tana tambaya ko maƙwabta da mai unguwa sun shaida, sun kuma san iyaka. Shari'a tana tambaya ko mai sayarwa shi ne mai abin, ko an raba gado, ko mata da marayu da wanda yake bulaguro sun sami haƙƙinsu, ko akwai mai shuf'a ko jingina a kai. Dokar 1978 tana tambaya ko wurin yana cikin taswira, ko Gwamna ya yarda, ko an yi rajista. Amsa ɗaya ba ta ɗauke wa mutum sauran biyun: mai takardar gwamnati yana iya rasa gida a hannun magajiyar da aka manta da ita, mai shaidu goma kuma yana iya wayar gari ya ga jan fenti a bangonsa.

Za a kuma ga cewa rarrabewa tsakanin gini da ƙasa, wadda mutane da dama suke ɗauka baƙuwar aba ce da soja suka kawo, ta girmi soja ta kuma girmi Turawa. Abin da ya sauya shi ne nisan da yake tsakanin mai gida da mai riƙe da ƙasar. A da mai unguwa yana nan a bakin lungu, ya san gidan ya san masu shi. Yau kuwa sai an bi ofis-ofis da kuɗi da lokaci kafin a kai ga sa hannu guda. Muddin wannan hanya ta fi ƙarfin talaka, zai ci gaba da dogara ga goro da shaidu, kotuna kuma za su ci gaba da cika da shari'o'in gidaje. Gyaran da zai yi amfani shi ne wanda zai ɗauki shaidar unguwa da hukuncin alƙali a kan gado ya shigar da su cikin rajistar gwamnati cikin sauƙi, tun tsofaffin da suka san iyakokin suna raye.